Laka Ba Ta Ɓatan Hanya: Fashin Baƙi Kan Inda Za A Kafa Gida Kafin Marka

Wata shekara da bazara ɗan'uwana ya sami fili da araha a gefen garinmu, can kudancin Kano, sai ya roƙi kawunmu ya raka shi ya gani. Kawu magini ne, a cikin tubali da azara ya yi furfura. Ni ma na bi su. Fili ne shimfiɗaɗɗe, yashi fari tas, babu kututture babu suri, ga shi a gindin dutse inda inuwa ke sauka da la'asar. Kawu ko faɗinsa bai duba ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani dutse mai sulɓi kamar curin fura, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, wa ya kawo wannan nan?" Ɗan'uwana ya ce, "Kawu, ai nan muka tarar da shi." Kawu ya nuna wata tsaga da ke tsakanin duwatsu biyu a sama, ya ce dutse ba ya sulɓi a zaune, gangaro shi aka yi, kuma wanda ya gangaro shi bai manta hanya ba.

An yi ginin duk da haka, don kuɗin hannu nan suka tsaya, ga aure ya matso. Damina uku aka yi lafiya. A ta huɗu, tsakiyar marka, bayan kwana biyu ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya can cikin dare. Abin da ya sauko ta tsagar nan ya fi kama da kwaɓin gini: ƙasa, yashi, tsakuwa, kara da rassan itace, duk a cakuɗe. Allah ya tsare rayuka. Katangar baya ta kwanta, rumbu ya tafi da gero, da gari ya waye laka ta kai gwiwa a tsakar gida. Tun daga ranar nake bibiyar wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne, yawancin asarar da muke yi a watan Agusta tun da rani muke ƙulla ta, ranar da ake shata fili.

Mu komai ambaliya muke ce masa. Kogi ya cika ya batse, ambaliya. Kwazazzabo ya ci gefen gida, ambaliya. Bango ya jiƙa ya zauna, ita ce dai. Wannan suna ɗaya da muke ba abubuwa dabam-dabam yana cutar da mu, domin abin da ke maganin wani ba ya taɓa wani. Buhunan yashin da za su tare ruwan kogi mai hawa sannu a hankali, malalar laka kwashe su za ta yi ta ƙara cikin kayanta.

Bambancin yana farawa daga nauyi. Ramin da ke da tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, idan aka cika shi da ruwa zalla, tan 1 ke nan. Idan laka ce mai kauri wadda ta kwaso yashi da tsakuwa, nauyin yakan kai kusan tan 2. Saboda wannan kauri, dutsen da ruwa zai kewaye ya wuce, laka ɗaukarsa take yi ta tura shi gaba, shi ya sa gaban malalar yakan zo da manyan duwatsu da itatuwa, ruwa-ruwan kuma yana biye a baya. Sannan akwai gudu. Idan gudun abu mai malala ya ninka biyu, ƙarfin da yake dukan bango da shi sau huɗu yake ninkawa. Katangar da aka yi don ta tsare mutuncin gida ba a yi ta don irin wannan duka ba, ko ta ƙasa ce ko ta bulo.

Abu uku ne ke haɗuwa kafin laka ta taso: gangare, ƙasa sakakkiya da ba abin da ke riƙe ta, da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, musamman in ya tarar da ƙasar ta riga ta ƙoshi. Shi ya sa ruwan farkon damina, duk ƙarfinsa, bai cika yin irin ɓarnar ruwan marka ba. Yayyafin kwana biyu ya cika duk wata kafa da ke cikin ƙasa, sai ruwa na uku ya zo bai sami wurin shiga ba.

Inda laka ke tsayawa shi ne abin da ya fi kamata mai neman fili ya sani. Muddin tana cikin matsattsen kwari gudu take. Da ta fito fili, gangare ya ƙare, sai ta baje kamar mafici, ta sauke duwatsu a kusa, yashi a gaba kaɗan, laushin kuma can nesa. Shekara da shekaru ana haka, wurin ya zama shimfiɗaɗɗe, mai yashi, mai daɗin haƙa, ga ruwan rijiya kusa. Duk abin da ke sa fili ya yi kyau a ido da rani, laka ce ta yi shi. Kuma ba ta bin layi ɗaya a kan wannan mafici. Bana ta bi dama, ta toshe hanyarta da kayan da ta sauke, baɗi ta karkata hagu. Don haka maganar "shekara goma ruwa bai bi nan ba" ba hujja ba ce.

Manyan masifun da duniya ta gani a kan irin wannan wuri suka faru. A daren 13 ga Nuwamba 1985 dutse mai aman wuta na Nevado del Ruiz a ƙasar Kolombiya ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, laka ta biyo kwari ta binne garin Armero, mutum sama da 20,000 suka rasu. A kan lakar da ta malalo wurin a 1845 garin ya zauna. A nan Afirka ta Yamma, ranar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa, gefen wani dutse ya zaftare a bayan babban birnin Saliyo, inda aka sare daji aka hau gangare da gine-gine, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace.

Kano da Jigawa ba su da irin waɗannan tsaunuka, kuma ba zan tsorata kowa da abin da ba zai same shi ba. Amma ƙananan irinsa muna da su. Duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza aka bar tarin ƙasa sakakkiya, da duwatsun Rano, da na Dutse da Birnin Kudu, da tuddan Kazaure da Roni, duk suna da tsagogin da ke tara ruwa su sako shi wuri ɗaya. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya sauka a kansa kusan duka gindinsa yake zuwa, cikin 'yan mintoci. Malalar da ba ta kai a sa ta a rediyo ba ta isa ta kayar da ɗaki a kan mutum huɗu.

Yana da kyau mu yi ɗan lissafi, domin ido ba ya ganin yawan ruwan sama. Ruwan milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da faɗi, lita 1 ne. Ruwan milimita 50, wanda dare ɗaya na marka kan iya saukarwa, idan ya sauka kan rufin kwano mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, lita 5,000 ke nan, wato duro 25. Gida ɗaya fa. A hekta ɗaya duro 2,500 ne. Da can yawancin wannan ruwa ƙasa ke shanyewa, ko ya tsaya a kududdufi. Yanzu rufin kwano ya yawaita, an dandaɓe tsakar gida da siminti, an cike kududdufai an yanka filoti, an sare gawo da ɗorawa an yi gawayi, kara ma ba a bari a gona. Ko da ruwan sama bai ƙaru ba, wanda ke gudu a kan ƙasa ya ƙaru, kuma duk inda ya taru ya sami gangare sai ya fara sassaƙa.

Nan ne maganar kwazazzabo ta shigo, wanda a ganina shi ne babban maƙiyin ƙauyukanmu na tudu. Yakan fara daga abin da ba a ɗauka komai ba: burtali da kofato ya daka har ya zurfafa, hanyar ƙafa mai gangarawa rafi, kunyar da aka ja daga sama zuwa ƙasa maimakon a gicciye, ko bakin kwalbati da masu aikin hanya suka sako wa gona ba tare da sun shimfiɗa dutse a ƙasansa ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kwazazzabo baya-baya yake tafiya, yana hawa tudu. Ruwa ya faɗo daga leɓensa, ya haƙa rami a gindi, ya rarake ƙarƙashin leɓen, leɓen ya rufta, sai kan ya matsa sama. Wanda gidansa ke saman kwazazzabo yana ganin ya tsira tunda ruwa ƙasa yake yi, alhali shi ake nufo. A ƙasar jigawa mai rairayi abin ya fi sauri, domin yashi ba shi da danƙon da zai riƙe gaɓa. Ƙasar da aka kwashe daga nan kuma ita ce lakar da ke cika gida da gonar wanda ke gangare.

Abin da muka saba yi shi ne zuba shara a ciki. Leda, tsumma, toka, ɓaraguzan gini. Wannan ba ya tsayar da komai. Shara ba ta kama ƙasa, ruwa yakan kwashe ta gaba ɗaya ya kai ta bakin kwalbati ya toshe, ruwan ya taru a bayan hanya har ya fasa ta, sai ya sauko wa mutanen ƙasa a lokaci guda da duk abin da ya tara.

Ƙasashen da suka daɗe suna fama da laka sun gane cewa ba a tare ta da ƙarfi a ƙofar gari, rage mata kaya ake yi tun daga sama. Japan ta cika kwaruruwanta da ƙananan madatsai da a harshensu suke kira "sabo", aikinsu su riƙe dutse da yashi su bar ruwa ya wuce. Birnin Almati na Kazakistan, wanda laka ta yi wa mummunar ɓarna a 1921, ya gina katafariyar madatsa a kwarin Medeu ta hanyar fasa duwatsu da nakiya a 1966 da 1967, kuma a 1973 ita ta riƙe malalar da ta nufo birnin. Mu ba mu da kuɗin wannan, ba ma kuma bukatar mai girman haka. Amma dabarar ɗaya ce, kuma gayyar matasan unguwa za ta iya ƙaramarta.

A jera duwatsu a gicciye cikin kwazazzabo, kada tsayin ya wuce ƙugu, gara a yi guda goma gajeru a jere da a yi ɗaya dogo. Tsakiyar ta fi gefe ƙasa, don ruwa ya bi ta tsakiya. A cusa bakin jerin cikin gaɓa hagu da dama, in ba haka ba ruwa zai kewaye ta gefe ya buɗe sabuwar hanya. A shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo, don kada ya haƙe gindin. Inda ruwa ke da ƙarfi, a ɗura duwatsun cikin ragar waya, irin wadda ake gani a gindin gadoji. Ba a toshe kafofin da siminti: so ake ruwa ya tsiyaye, ƙasa ta zauna. Bayan damina ɗaya ko biyu bayan kowane jeri zai cika da ƙasa mai laushi, a nan ake dasa abin da zai gaji dutsen. Jema ce ta fi, wannan ciyawa ta fadama da ake saƙa zana da ita. Saiwarta ƙasa take nitsewa fiye da tsawon mutum, ba ta yaɗuwa ta cinye gona, kuma in aka dasa ta a layi matse da juna takan zama shinge mai tace laka. Gamba ma tana taimakawa, ita da kakanninmu ke shata iyakar gona da ita. Aikin kuma daga sama ake fara shi, daga gonakin da ke tara ruwan, ta hanyar jan kunya a gicciye da barin kara a ƙasa. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwan farko zai kwashe masa wahalarsa.

A gabashin Jigawa labarin dabam ne. Can ba gangare, ruwa ba ya gudu, zama yake yi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin da ke bi ta Ringim zuwa Haɗejiya. An gama madatsar Tiga a 1974, aikin zamanin Gwamna Audu Bako, ta Challawa kuma a 1992. Tun da aka fara sakin ruwa rani da damina, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama. Kacala ta rage gudun ruwa, ruwa ya sauke laka, laka ta cike hanya, sai kogi ya fantsama gefe. Mutanen Auyo, Miga, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma ba sai an ba su labari ba. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A irin wannan ƙasa gida ba duka yake sha ba, jiƙa yake yi kwana da kwanaki har gindinsa ya narke. Maganinsa tsayi: tudu na asali in akwai, ko ciko da aka daka sosai ya wuce alamar ruwa mafi girma da tsofaffi suka sani. Jinga tana da amfani, amma tana son kulawa kamar dabba. Gafiya na huda ta, masu noman rani na yanka ta, kuma in ba a bar mata mafita ba sai ta tare ruwan saman da ya sauka cikin gari. Wanda ke ƙasan madatsa shi ma ya tuna cewa madatsa na iya fashewa: ta Bagauda ta fashe a daminar 1988, ta Alau kuma ta shafe unguwannin Maiduguri a Satumbar 2024.

Sai ginin kansa. Ina jin zafi in na ji ana cewa gidan ƙasa ne matsala, kamar talauci ne ke rushewa. Ganuwar Kano da Gidan Makama da ƙasa aka yi su. Magina na da sun san abu biyu ke kashe bango, ƙafa da kai, kuma sun tanadi kowanne. Suna fara gini da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa sama. Suna yin dakali a gindin bango don ruwan da ke fantsama kada ya ci tushe. Suna shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Indararo dogo ne, yana jefa ruwa nesa da bango. Sun san hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi samun kulawa. Kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana yaɓe. Abin da ya faru shi ne mun riƙe ƙasar mun saki hidimarta. Bango ya zama siriri, dakali ya ɓace, yaɓe sai an ga tsaga.

Wanda zai yi gini yau da ɗan abin hannunsa, in siminti buhu kaɗan zai iya saya, a ƙafar gida ya kamata ya kashe shi. A haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a taso da dutse ko jan bulo ko bulon siminti mai kyau har ya kai gwiwa a saman ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta a kansa don kada damshi ya hau, sannan a ɗora tubali. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsayi, tsakar gida ta fi lungu tsayi. Kwano ya zarce bango sosai. Abin da na ga yana yaudarar mutane shi ne filastar siminti a kan bangon ƙasa. Tana kyau a ido, amma ba ta kama ƙasa da gaske, tana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Rannan sai a ga filastar ta ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa, abin da ke bayanta ya zama kunu. Bulon da aka yi wa rowar siminti, wanda ke marmashewa in an murza shi da yatsa, shi ma bai fi tubali mai kyau ba. Soron ƙasa kuma a duba azararsa kowace bazara, domin ƙasar rufi in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake, azarar da gara ta ci ba za ta ɗauka ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke raba gidan da ya tsaya da wanda ya faɗi. Rariya ita ce ta farko. Katangar da ba ta da isasshiyar rariya madatsa ce, ruwa zai taru a bayanta har ya tura ta, kuma rariya ɗaya da leda ta toshe daidai take da babu. Masai kada ya matsi bango, don raminsa na rufta wa da tushe in ƙasa ta jiƙa, kada kuma ya zama a saman rijiya, domin bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa. Filin da aka samu ta cike kududdufi da shara zai yi ta zama shekara da shekaru, bango na tsagewa. Baƙar lakar fadama kumbura take da damina ta tsattsage da rani, tana wasa da tushe sama da ƙasa. A gindin dutse kuma, kada a sa ɗakin kwana a ɓangaren da ke fuskantar gangare, a bar wa wannan gefe rumfa ko ɗakin ajiya, ƙofa kuma ta kalli ƙasa. In za a yi bangon kariya a sama, a karkata shi kamar goshin kwalekwale ya kau da malalar gefe zuwa hanyarta, kada a tsaya mata ƙiƙam. Mafi muni shi ne yanke gindin tudu, ko don a daidaita fili, ko don ɗibar ƙasar gini da burji, ko tifofin yashi da ke rarake gaɓar rafi. Gindin nan shi ke tallafe da duk abin da ke sama.

To amma ina za a karkata ruwan? Nan ne lamarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na sha ganin maƙwabta biyu da suka shekara talatin lafiya sun daina gaisawa saboda buhun yashi. Wannan ya tare ƙofarsa, ruwa ya faɗa gidan wancan, wancan ya ƙara nasa tsayi, ruwan ya tafi gidan gwauruwar da ba ta da mai cika mata buhu. Ruwan bai ragu da ko cokali ba, an dai tura shi ga wanda ya fi rauni. Hanyar ruwa ta gari ce kamar makabarta da filin idi, kuma sai an ɗauke ta haka za a daina sayar da ita. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, amma kowa ya san a aikace mai unguwa da dagaci ne shaidun ciniki. Da za su ƙi sa hannu a kan duk filin da ke bakin tsaga, ko kan gaɓar da rafi ke ci a wajen lanƙwasa, ko cikin tsohon kududdufi, da an rage rabin kukan Agusta.

Sai dai hanawa kaɗai zalunci ne in ba a ba mutum madadi ba. Ɗan'uwana ba don bai ji maganar Kawu ba ya yi gini a wurin, ya ji sarai. Fili mai haɗari shi ne mai araha, don haka talaka ne ke ƙarewa a kansa. Idan ƙaramar hukuma da masarauta ba su ware tudu sun yanka shi a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya ba, duk wani gargaɗi zai tsaya a rediyo. Haka kuma kayan agajin da hukumar NEMA da takwarorinta na jiha ke rabawa bayan ɓarna, kwano da siminti da buhun hatsi, sau da yawa a kan tsohon tushen ake mayar da su, a jira wata marka. Akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa don gyaran ƙasa da hanyoyin ruwa, kuma ya kamata dagatai da ƙungiyoyin ci gaban gari su riƙa kai kukan kwazazzabansu a rubuce tun suna ƙanana, lokacin da duwatsu da jema za su wadatar.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma na bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Suna da amfani, amma a matakin ƙaramar hukuma suke magana, ba za su nuna maka tsagar da ke bayan gidanka ba. Wannan ilimi yana wurin tsohuwar da ta san inda ruwa ya kai shekarar da ta haifi ɗanta na fari, da makiyayin da ya san kwarin da ba a kwana da shanu a cikinsa. A tambaye su kafin a biya kuɗi. A je a ga fili ana tsakiyar ruwa, da lema, a tsaya a kalli inda yake bi. A duba jikin itatuwa ko akwai tsohuwar alamar laka da ciyawar da ta maƙale a reshe.

Ga waɗanda suka riga suka zauna a irin wannan wuri, marka lokacin kwana da ido ɗaya ne. Sabuwar tsaga a ƙasa ko a bango, ƙofar da ta fara cijewa, itace ko turken wuta da ya karkata, damshin da ya haura bango ya wuce gwiwa, duk sallama ce. Rafin da ya janye farat ɗaya alhali ana ruwa yana nufin wani abu ya toshe shi a sama, kuma zai ɓalle. In aka ji ruri kamar tifa na juye dutse, ba a tsayawa kwasar kaya, ba a kuma gudu a bi gangare, gefe ake yi a hau tudu. Tsofaffi da yara su koma ɗakin da ya fi ƙarfi, ko gidan dangi, tun da magariba, kada a bari sai ruwa ya kai ƙofa cikin duhu.

A garinmu yanzu, bayan abin da ya faru, an kafa turke na ƙarfe taku ashirin daga kan babban kwazazzabon da ke yamma da makaranta. Kowace kaka in an gama girbi, mai unguwa da wasu dattawa biyu sukan je da igiya su auna abin da ya rage tsakanin turken da leɓen, a rubuta a bayan littafin masallaci. Shekarar da aka jera duwatsu aka dasa jema a sama, igiyar ba ta ragu ba. Shekarar da aka yi sakaci aka bar awaki suka cinye dashen, ta ragu da taku biyu.